Aji Biyu: Hostel, Haya Ko Gidan Dangi? Awo Ga Ɗaliban Gusau, Birnin Kebbi Da Aliero

Ɗalibin da ya gama aji ɗaya yakan tafi hutu da tunanin gadonsa na hostel na nan yana jiransa. Sau da yawa ba haka abin yake ba. A mafi yawan jami'o'in gwamnati, in an tashi rabon gado, sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe ake fara sallama, sai masu lalura, sannan 'yan tsakiya su yi rububin abin da ya rage. Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Birnin Kebbi duk a 2013 aka kafa su, kuma duk a bayan gari aka gina su: ta Gusau a kan hanyar Zariya kusa da Sabon Gida, ta Birnin Kebbi kuma mazauninta na dindindin yana Unguwar Jeji a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi tana Aliero tun 2006. Wanda ya rasa gado a irin waɗannan wurare, ba tsallaka titi kawai zai yi ya sami ɗaki ba.

Ga shi kuma aji biyu ne shekarar da karatun sashe ke farawa gadan-gadan. Darussa na ƙara nauyi, masu kimiyya na kai yamma liƙis a ɗakin gwaji, kuma ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a zauna jarabawa tana nan a dokokin yawancin jami'o'i. Wurin kwana yana shiga cikin sakamako kai tsaye.

Zaɓi biyar ne a gabanka: gado na halak a hostel, raɓawa ko sayen gadon wani, haya a bakin makaranta, haya a cikin gari, da zama gidan iyaye ko dangi.

Abin da za a auna da shi

Tsaron dare shi ne farko, kuma a wannan yanki namu ba a haɗa shi da saura a sikeli ɗaya. Wurin da ya faɗi a nan, an gama da shi, komai arahar sa. Ba tsayin katanga kaɗai ake dubawa ba. Me ke bayan gidan, gidaje ne ko gona da daji? Maƙwabta magidanta ne da ke nan rani da damina, ko ɗalibai ne zalla waɗanda ke watsewa lokacin hutu? Wa ke gadi, kuma wa ke biyansa? In ka rufe ƙofa kana cikin ɗaki, waya na shiga?

Na biyu ruwa. Ɗalibi ɗaya da ke wanka sau biyu a bazara, ga alwala, girki, wanke-wanke da wanki, da wuya jarka biyu masu lita 25 su yi masa rara a rana. Ƙasar Gusau dutse ne a ƙarƙashinta, shi ya sa rijiyoyi da yawa ke janyewa daga Maris zuwa saukar damina, 'yan ga-ruwa kuma su ɗaga farashi a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Yankin Birnin Kebbi, Kalgo da Aliero ya fi samun ruwan ƙasa, amma ko a can rijiyar burtsatse ba ta da amfani in babu wutar da za ta tura ruwa zuwa tanki.

Na uku kuɗin shekara gaba ɗaya, ba kuɗin ɗaki kaɗai ba. A nan ɗalibai da iyaye suka fi yin kuskure, don haka bari a buga lissafin a fili. Zango biyu, kowanne kamar mako 17 har da jarabawa, mako 34 ke nan. Kwana biyar a mako ya ba da kwana 170 na zuwa makaranta, kwana bakwai kuma ya ba da 238 na zama. Yanzu sa farashin garinku. A ce zuwa da dawowa yana cin naira 1,200 a rana: 204,000 ke nan a shekara. A ce kana sayen abincin rana na naira 1,000 saboda ba ka iya komawa ɗaki tsakanin lakca: 170,000. A ce jarka naira 150 ce, biyu a rana: 71,400. Waɗannan lambobi misali ne kawai, ka musanya su da na wurinka, amma ka ga yadda ɗakin da aka ce mai araha ne yake iya haɗiye ninkin kuɗinsa a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu a aljihun ɗalibi. Mai karɓar naira 20,000 na alawus ɗin NELFUND (asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance) a wata ma ya lura: naira 1,200 sau kwana 22 ta kai 26,400, wato mota kaɗai ta cinye shi har da ƙari.

Na huɗu ɗorewa. Wurin zai kai ka ƙarshen shekara? Za ka iya riƙe shi har ka gama? In an rufe makaranta fa? Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma kwanakin haya ba sa tsayawa don an tafi yajin aiki.

Sai wuta, lafiyar jiki da natsuwar karatu, waɗanda za su fito a ƙarƙashin kowane zaɓi.

Gado a hostel

Ta fuskar kuɗi babu wanda ya kama ƙafarsa. Kuɗin gado na shekara ƙarami ne in aka gwada shi da haya, ruwa da wuta suna ciki, babu dillali, babu kuɗin mota. Ka idar da sallar asuba, ka yi karatu, ka taka da ƙafa zuwa lakcar ƙarfe takwas. Da dare laburare da azuzuwa na kusa, masallaci na kusa, asibitin makaranta na kusa. Ga ɗaliba kuwa, wannan ne wurin da hankalin iyaye ya fi kwanciya da shi, kuma suna da hujja: akwai masu gadi, akwai lokacin rufe ƙofa, akwai wanda za a tambaya in wani abu ya faru.

Ba a ce harabar makaranta garkuwa ce da ba ta ɓulewa ba. Harin da aka kai kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 cikin makaranta aka kai shi. Amma inda aka tara ɗalibai wuri ɗaya nan ake tara jami'an tsaro, kuma hukumar makaranta na da alhaki a kanka matuƙar sunanka na cikin rajistar ɗaki.

Matsalarsa biyu ce: samu da cunkoso. Samun gado tsere ne. Ana buɗe shafin neman ɗaki na ɗan lokaci, kuma galibi sai wanda ya gama biyan kuɗin makaranta yake iya nema. Wanda ya jira har ya dawo daga hutu kafin ya fara neman kuɗin rajista, ya riga ya makara. Ka biya da wuri, ka ajiye rasit na Remita (shafin da ake biyan kuɗin makaranta ta intanet) a waya da kuma a takarda, ka riƙa leƙa sanarwar ofishin kula da harkokin ɗalibai. In an ba ka gado akwai wa'adin biya, wanda ya wuce shi sai a ba wani. Masu shigowa aji biyu kai tsaye da NCE ko difloma su je ofishin su tambaya ko ana lissafa su cikin sababbi, don wannan kaɗai na iya raba su da wahalar shekara guda. Mai sikila, mai asma ko mai nakasa ya kai takardar likita tun kafin a fara rabo, ba bayan an gama ba.

Cunkoso kuwa, ɗakin mutum huɗu yakan koma na takwas in 'yan raɓe suka shigo. Da asuba za ka ga bokitai jere a gaban famfo tun kafin a kira salla, kowa ya ajiye nasa ya kama layi ya koma ya kwanta, ruwan kuma na zuwa siriri kamar zare. Banɗaki na kowa ne, tsabtarsa sai yadda mazauna suka ga dama. Kafin ka shimfiɗa zani, ɗaga katifa ka duba ɗinkin gefenta da mahaɗar ƙarfen gado: ɗigo-ɗigo baƙi alamar kuɗin cizo ne, kuma feshin ɗaki ɗaya ba ya kashe su in na maƙwabta na nan. Ka zo da katifarka in an yarda, ka shanya ta a rana lokaci-lokaci, ka sa kwaɗo mai kyau a akwati.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Sanƙarau ciwon cunkoso ne da ƙura da zafi, lokacinsa daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, kuma yankinmu na tsakiyar inda yake ɓulla. Annobar 2017 daga Zamfara ta faro, a farkon 2025 kuma ya taɓa Gwandu, Jega da Aliero. Duk mai shiga ɗaki mai yawan jama'a ya nemi allurar rigakafi, a bar tagogi a buɗe da dare da gidan sauro, kuma zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira gari ya waye ba ne.

Ɗorewarsa shekara ɗaya ce tak. Baɗi sai ka sake shiga tsere. Lokacin dogon hutu ana kwashe kaya. Dokoki ma suna da yawa: yawancin hostel sun hana hita da murhun lantarki, wasu har da tukunyar gas a ɗaki.

Raɓawa da sayen gado

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Raɓawa wajen aboki tana da amfani na mako biyu ko uku, kafin a gama rabo ko ka sami ɗaki. In ta zama ta shekara, kai ne mai kwana a ƙasa, kai ne ba ka da wurin ajiye kaya, kuma ranar da kuka saɓa da mai gadon ka rasa makwanci ko da a tsakiyar jarabawa ne. Sayen gado ya fi muni. Za ka biya ninki na kuɗin hukuma, sunan wani ne a rajista, dokokin jami'o'i sun haramta shi, kuma in an kama mai saye da mai sayarwa duk suna iya rasa gadon har su fuskanci kwamitin ladabtarwa. In wanda ya sayar maka ya sake sayar wa wani, ba ka da inda za ka kai ƙara, don kai ma mai laifi ne.

Haya a bakin makaranta

Wannan shi ya fi jan hankalin ɗan aji biyu, kuma shi ya fi bukatar a tsaya a yi tunani. Ɗakinka ne, da makullinka. Ku biyu ko uku ku haɗa kuɗi, ku dafa abin da kuke so, ku yi karatu ba hayaniya, makaranta kuma tafiyar ƙafa ce ko ɗan kabu-kabu kaɗan. In ka dace da mai gida na kirki, ka riƙe ɗakin har ka gama, ka huta da jigilar kaya duk shekara.

Amma gidan da ke wajen haraba ba ya ƙarƙashin gadin makaranta, ko da kana hango ginin sashenku daga taga. Cikin dare, wayewar Juma'a 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, suka tafi da ɗalibai sama da ashirin, galibinsu mata, wasu suka shafe watanni a hannunsu. Abin lura a nan ya wuce ƙauye ɗaya. Irin waɗannan gidaje a gefen gari ake gina su saboda fili ya fi araha, bayansu gona ce, mazaunansu baƙi ne, kuma kowa ya san ɗalibai ne a ciki. A ganina, ɗalibin Gusau, musamman ɗaliba, kada ya sa wannan zaɓi a gaba sai in gidan na tsakiyar jama'a, akwai jami'an tsaro na dindindin kusa, kuma ofishin harkokin ɗalibai bai gargaɗi a kan wurin ba. Ka je ka tambaye su da bakinka. A Kalgo da Aliero yanayin ya bambanta da na Gusau, garuruwa ne masu kasuwa da jama'a, amma tambayoyin nan dai su za ka yi: gidan ƙarshe a layi, wanda bayansa fili ne, a bar shi.

In wurin ya tsallake wannan, sai duba ɗaki. Gani ya kori ji, kuma gani ɗaya da rana tsaka ba ya isa. Ka je sau uku. Da sassafe, don ka ga ko famfo na zuba da yawan masu jira. Da la'asar, don ka ji zafin ɗakin: wanda bangonsa ke fuskantar yamma kuma rufin kwano ne ba silin, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, zai riƙe zafinsa har tsakar dare. Taga biyu masu kallon juna sun fi fanka amfani ranar da babu wuta. Sai bayan isha'i, don ka ga ko layin na da haske, wa ke zama a ƙofar gida, kuma ko kabu-kabu na shiga. Ka duba gindin bango: in fenti ya kumbura yana zubar da farin gari kamar kanwa daga ƙasa zuwa gwiwa, danshi ne, da damina katifa da littattafai za su yi funfuna. Tabo mai launin ruwan ƙasa a silin yoyo ne. Ƙofa ta zama ta ƙarfe mai sakata ta ciki, ka girgiza ƙarfen taga ka ji ko a cikin siminti yake. Ka leƙa masai ka ƙirga ɗaki nawa ke amfani da shi, ka tambayi yaushe aka kwashe shi.

Mai gida zai ce maka ruwa ba ya yankewa. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Baba, a ba ni kwana biyu in yi shawara da gida." Sannan ka tare wanda ya shekara a gidan ka ce, "Ɗan'uwa, don Allah a watan Afrilu ina kuke samun ruwa?" Amsarsa ita ce gaskiyar gidan.

Wuta ma tana da tarko. Kamfanin Kaduna Electric ne ke ba Zamfara da Kebbi wuta, kuma bashin wuta gida yake bi, ba wanda ya tashi ba. Ka nemi ganin takardar kuɗin wuta ta ƙarshe. In mita mai kati ce ɗaya ga gida duka, a tsayar da yadda ake raba kuɗi, don mai hita ɗaya na iya ƙarar da katin mutum goma. Ƙaramin faifan sola da batir wanda zai ɗauki fanka, ƙwan fitila da cajin waya ya fi janareta sauƙi ga ɗalibi. Kuma kada a kunna janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, ko da sanyin hunturu ya kai inda ya kai: iskar da suke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa.

Wajen biya, kuɗin farko ya wuce haya. Akwai la'adar dillali, galibi kashi goma cikin ɗari, wani wurin da kuɗin ajiya na ɓarna, sai katifa, labule, ledar ƙasa, bokiti, randa ko durom, tukunyar gas mai kilo uku ko shida, da sabon kwaɗo, don ba ka san mutum nawa ke riƙe da makullin tsohon ba. Kada ka ba dillali kuɗin haya a hannu. Ka ga mai gida ido da ido, ka tura ta banki zuwa asusu mai sunansa, a rubuta takarda mai ɗauke da ranar shiga, ranar ƙarewa, adadin kuɗi, yawan masu zama a ɗakin, wanda gyaran rufi da famfo ke kansa, da wa'adin sanarwa kafin ƙarin kuɗi ko tashi. A sa shaidu biyu, in da hali mai unguwa ya sani. Damfarar da aka fi yi wa ɗalibai ita ce karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya lokacin hutu, kowa ya dawo da rasit a hannu.

Ka tuna kuma hayar wata goma sha biyu za ka biya, ka zauna takwas ko tara. In sashenku na tura ɗalibai horon SIWES (koyon aiki a ma'aikatu da masana'antu) ko koyarwar gwaji a wannan shekara, duba jadawalin kafin ka biya.

Haya a cikin gari

Duk abin da aka faɗa a kan duba ɗaki da takarda ya hau nan. Bambancin shi ne ka sayi tsaro da kuɗin mota. Ɗaki a tsakiyar Tudun Wada, Sabon Gari ko Samaru a Gusau, ko cikin Birnin Kebbi, yana cikin magidanta, kasuwa na kusa, asibiti na kusa: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin Yariman Bakura a Gusau, asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Mai ɗinki, gyaran waya ko koyar da yara da yamma zai sami kasuwa, abin da ƙauyen bakin makaranta ba zai ba shi ba.

Hanya ce ke cin mutum. Ban da lissafin kwana 170 ɗin can, akwai lokaci. Lakcar takwas na nufin ka bar ɗaki kafin bakwai, don motar ɗalibai sai ta cika take tashi. In malami ya ɗage darasi zuwa yamma, ko aikin ɗakin gwaji ya kai magariba, za ka tsinci kanka a bakin titi bayan gari da duhu, kuma wannan shi ne ainihin haɗarin wannan zaɓi. A Zamfara an sha sa dokar taƙaita zirga-zirgar babura da dare, don haka kada ka dogara da kabu-kabu bayan isha'i. Karatun dare na rukuni kuma ya wuce ka, sai wanda kuka shirya a gari.

Yana yin kyau ne in an cika sharaɗi uku: ɗakin na kusa da inda motocin makaranta ke lodi ta yadda ba sai ka hau abin hawa biyu ba, kuna da yawa 'yan sashe ɗaya da za ku yi yarjejeniyar wata da mai keke Napep ɗaya, kuma kana dafa abinci da safe ka tafi da shi a kula.

Abokin zama kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Kafin a biya a yi magana ƙarara: tukunya ɗaya ko kowa tasa, baƙo na kwana ko a'a, ƙarfe nawa ake kashe fitila, kuma in ɗaya ya tashi a tsakiyar shekara yaya za a yi da kasonsa. Wanda kuka yi shekara kuna gani a aji ɗaya, ka san sallarsa da riƙon amanarsa, ya fi abokin da kuka saba a majalisa kawai.

Gidan iyaye ko dangi

In gidanku na cikin garin, lissafi ya yi sauƙi: mota da abincin rana kaɗai ke kanka, ga ido a kanka in ba ka da lafiya. Gidan kawu ko gwaggo kuma kuɗinsa ba a aljihu ake biya ba. Aike, kai yara makaranta, tsaron shago, girki da raino ga ɗaliba, duk za su zo, kuma ba daidai ba ne mutum ya ci ya sha a gida ya ce ba zai taɓa komai ba. Gyaran shi ne manya su yi magana tun farko. Mahaifi ko mahaifiya su nemi alfarmar da kansu, a kai gudummawar hatsi ko shinkafa duk zango ko da an ce a bari, kai kuma ka kai jadawalinka: "Kawu, Litinin da Laraba tun bakwai nake fita, amma Asabar ina gida, duk abin da ake so sai in yi." Makonnin jarabawa a faɗe su da wuri. Ka duba kuma ko akwai inda za ka zauna da littafi awa biyu ba a kira ka ba. In ɗakin samari ne mai mutum shida da talabijin, sai ka mai da laburare ɗakin karatunka ka gama komai kafin ka dawo.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Kuɗin kullum | Tsaron dare | Ruwa da wuta | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Gado a hostel | Kaɗan | Kaɗan | Mafi dama | Suna ciki, da layi | Shekara ɗaya |
| Raɓawa ko sayen gado | Ba komai, ko ninki | Kaɗan | Kamar hostel, ba suna | Kamar hostel | Kowace rana za a iya kora |
| Haya a bakin makaranta | Mai yawa | Matsakaici | Mafi rauni in gefen gari ne | A kanka | Har ka gama |
| Haya a cikin gari | Mai yawa | Mafi yawa | Da dama a ɗaki, rauni a hanya | A kanka | Har ka gama |
| Gidan dangi | Kusan babu | Mota da abincin rana | Da dama a gida, rauni a hanya | Na gida | Gwargwadon zumunci |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibar da ta zo daga wani gari, ki sa duk ƙarfinki a kan gadon hostel: biya da wuri, nema a ranar farko, bibiya a ofis. In bai samu ba, gidan dangi a cikin gari, in babu, haya ku uku ko huɗu a gidan da matan aure ke ciki, a tsakiyar unguwa, kuma waliyyinki ya zo ya ga wurin ya gaisa da mai gida da mai unguwa.

Mai karatun kimiyya, injiniya ko lafiya, wanda yininsa ke ƙarewa a ɗakin gwaji, hostel ne nasa ko da cunkoso, don dawowa gari da duhu sau uku a mako ba abin ɗauka ba ne. Haka wanda ya kwaso darussan da ya faɗi daga aji ɗaya: jadawalinsa zai cika da karo, yana bukatar zama kusa da aji.

Wanda aljihunsa alawus ɗin wata ne kawai, hostel ko gidan dangi. Haya ba tasa ba ce sai in su uku ne a ɗaki kuma ƙafa za ta kai su makaranta.

Mai sana'a, mai aure, ko wanda ya haɗa karatu da aiki, haya a cikin gari, kusa da tashar motar makaranta.

Mai sikila ko asma da bai sami gado ta takardar likita ba, ɗaki mai silin da taga biyu a cikin gari, inda keke zai kai shi asibiti cikin mintuna kaɗan ko da tsakar dare.

Haya a bakin makaranta ta dace da ɗaliban Aliero da Kalgo da suka sami gida a cikin jama'a, suka duba shi safe da yamma da dare, suka riƙe takarda a hannu. Wanda ke son gwada sa'ar hostel amma yana tsoron ya tashi a tutar babu, ya nemo ɗakin tun kafin hutu, ya roƙi mai gida ya riƙe masa shi da ɗan kafin alƙalami zuwa ranar da jerin sunayen masu gado zai fito, a rubuta a takardar nawa za a mayar masa in ya fasa.